Tarihin Lissafin Ƙiyasi Cikin Ilmin Lantarki da Maganaɗisu

I. Gabatarwa

Mutane da yawa suna tsammani kwamfuta ce ta zo da dabarun da injiniyoyi ke bi yau wajen auna aikin eriya, da na'urar rada, da injin ba da wuta, da wayar hannu, tun ba a ƙera su ba. Wanda ya bi tarihin abin daki-daki zai ga ba haka aka yi ba. Yawancin dabarun nan sun girmi na'urar da ke aiki da su, waɗansu da shekara ashirin, waɗansu da arba'in. Masana ne suka tsara su da alƙalami da takarda, suka gwada su da hannu gwargwadon iyawarsu, sa'an nan suka jingine, domin aikin ya fi ƙarfin ɗan Adam. Wannan takarda za ta bi labarin yadda aka san dokokin lantarki da maganaɗisu sarai tun shekarar 1865, amma aka yi kusan shekara ɗari ba a iya fitar da amsa daga cikinsu ba sai a wurare 'yan kaɗan, da kuma yadda aka fita daga wannan ƙangi.

Ya kamata a daidaita kalmomi huɗu tukuna. Sararin da ƙarfin lantarki ko na maganaɗisu ya mamaye, inda ko wane ɗigo ke da nasa ƙarfi da nasa wajen fuskanta, shi za a kira fage. Motsin da ke ratsa wannan fage yana hawa yana sauka, kamar yadda ruwan tafki ke yi in an jefa dutse, shi ne taguwa. Nisan da ke tsakanin tudun taguwa ɗaya da na biye shi ne zango, kamar yadda masu sauraron rediyo suka saba ji ana cewa gajeren zango, mita 31. Lissafin ƙiyasi kuwa ba kintace ba ne. Lissafi ne da ke kusantar amsa ta gaskiya mataki-mataki, mai yin sa kuma yana iya faɗin iyakar kuskurensa.

II. Dokokin da Aka Sani, Aka Kasa Warwarewa

Michael Faraday, mutumin Ingila, shi ne ya gano cikin 1831 cewa in an motsa maganaɗisu kusa da waya, lantarki ya kan gudana cikin wayar. Faraday bai yi karatun lissafi mai zurfi ba, saboda haka da zane ya ke bayani. Ya kan barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu ƙarƙashinta, garin ya jeru layi-layi, ya ce ga hanyoyin ƙarfin nan. James Clerk Maxwell, mutumin Sikotlan, shi ya mai da zanen Faraday ya zama lissafi. Maƙalarsa ta 1865 ta ƙunshi ƙa'idodi ashirin, ta kuma nuna cewa fagen lantarki mai sauyawa yana haifar da na maganaɗisu, na maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da na lantarki, su biyun suna tafiya tare da saurin haske, watau kimanin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Maxwell ya rasu cikin 1879 bai ga an tabbatar da maganarsa ba. Oliver Heaviside, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda ya koya wa kansa lissafi, ya taƙaita ƙa'idodin suka koma huɗu wajen 1884. Heinrich Hertz kuma ya ta da taguwar a ɗakin gwajinsa a Karlsruhe ta Jamus, ya auna ta, tsakanin 1887 da 1888.

Sanin doka dabam, zartar da ita dabam. Ƙa'idodin Maxwell suna faɗin yadda fage ke sauyawa daga ɗigo zuwa ɗigon da ke manne da shi, amma ba su faɗin yadda fagen zai kasance kewaye da wani abu takamaimai sai an warware su bisa ga siffar abin. Siffofin da aljabara ke iya warwarewa kuwa ba su da yawa. Arnold Sommerfeld ya warware matsalar taguwa mai cin karo da bakin faifan ƙarfe marar iyaka cikin 1896. Lord Rayleigh ya warware ta taguwa cikin bututu cikin 1897. Gustav Mie ya warware ta dunƙulallen ƙwallo cikin 1908. Ko wace ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne na gwaninta, amma jirgin sama ba ƙwallo ba ne, injin ba da wuta kuma ba bututu ba ne.

Injiniyoyi ba su zauna jira ba. Marconi ya aika da saƙo ƙetaren tekun Atlantika cikin Disamba 1901, alhali ba wanda ya iya lissafa aikin eriyarsa filla-filla. Hanyar da aka bi ita ce a ƙera, a gwada, a rage, a ƙara. Wata hanya kuma ita ce a zuba ruwa mai ɗaukar lantarki cikin daro mai faɗi, a jera ƙarafa masu siffar abin da a ke so a ƙera, a sa musu wuta, a riƙa tsoma tsinken awo wuri-wuri ana rubuta abin da ya nuna. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da bukatar rada ta matsa, Amurka ta tara masana a ɗakin bincike na MIT daga 1940 zuwa 1945. Abin da suka gano ya cika littattafai 28, a cikinsu kuwa akwai lissafin siffofi masu sauƙi da jadawalin awo.

III. Zamanin Lissafi da Hannu

Tun kafin wannan yaƙi waɗansu masana sun ga wata ƙofa. Suka ce, tun da ba za a iya sanin fage a ko wane ɗigo ba, gama ɗigo ba shi ƙirguwa, to, a zaɓi waɗansu ɗigogi a jera su sahu-sahu kamar gurabun dara, a nemi amsa a wurinsu kaɗai. Inda lantarki ya ke zaune ba ya motsi, dokar ta kan zama mai sauƙi ƙwarai: adadin ko wane gurbi shi ne matsakaicin na maƙwabtansa huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa.

Malami yana iya nuna wannan a kan allo da alli. A zana murabba'i, a ce gefensa na sama yana da ƙarfin lantarki 100, sauran gefe uku sifiri. A sa gurabu huɗu a ciki, biyu a sama, biyu a ƙasa, duka a fara da sifiri. Zagaye na farko, gurabun sama za su ba da 25, na ƙasa sifiri. Zagaye na biyu, na sama 31.25, na ƙasa 6.25. Na uku, na sama 34.375, na ƙasa 9.375. In aka ci gaba, na sama za su doshi 37.5, na ƙasa 12.5, ko wane zagaye kuma yana raba ragowar kuskure biyu. Amma a lura da abu ɗaya. Ko an kai 37.5 daidai, amsar gurabu huɗu ce kawai aka samu. Wanda ke son amsar da ta fi kusa da gaskiya, tilas ya ƙara yawan gurabu, ya matso da su kusa da juna, aiki kuwa ya ƙaru. Kuskure iri biyu ke nan: na tsayawa da wuri, da na ƙarancin gurabu. Duk tarihin da ke biye kokawa ce da waɗannan biyu.

Lewis Fry Richardson, mutumin Ingila, yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan hanya da gaske. Cikin 1910 ya yi amfani da ita ya lissafa nauyin da ke danne ginin madatsar ruwa. Samari ya ɗauka aiki suna yi masa lissafin, yana biyan su gwargwadon abin da suka yi daidai, wanda ya fi sauri a cikinsu kuwa ya kan yi kimanin lissafi 2,000 a mako. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da ya ke tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Faransa, ya gwada hanyar nan wajen hasashen yanayi. Hasashen sa'a shida ya ci masa mako shida, amsar kuma ta fito ba daidai ba. Duk da haka ya buga aikin cikin 1922, bai ɓoye kuskuren ba, ya kuma ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya riga yanayin duniya. Bayansa Richard Southwell da almajiransa a Oksfod suka gyara hanyar, suka koya wa masu lissafi su fara da gurbin da kuskurensa ya fi girma. Littattafansa na 1940 da 1946 sun zama abin dogaro ga injiniyoyi, har da masu aikin lantarki da maganaɗisu.

Akwai wata maƙala ta 1928 wadda ba a san darajarta ba sai daga baya. Masana uku a Göttingen ta Jamus, Richard Courant, da Kurt Friedrichs, da Hans Lewy, sun nuna cewa in ana bin taguwa mai tafiya, ba sarari kaɗai a ke yankawa ba, har da lokaci, kuma tilas yankan biyu su dace. Kada takun lokaci ya wuce abin da taguwa ke bukata ta ƙetare gurbi ɗaya. In ya wuce, kuskure zai riƙa ninkuwa har lambobi su haukace. Ga injiniyan lantarki wannan sharaɗi mai tsanani ne, gama haske yana cin santimita 30 cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Su uku ɗin ba na'ura su ke tunani ba, gama babu ita. Hujja ce ta lissafi tsantsa su ke nema.

Na'urar ta zo bayan shekara goma sha takwas. ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania cikin Fabrairu 1946, tana da ƙwayayen lantarki wajen 18,000, tana kuma yin tarawa 5,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Mai karatu ya gwada wannan da 2,000 a mako na yaron Richardson. Amma abin da ta ke iya riƙewa a ƙwaƙwalwarta ƙalilan ne, sai da aka ƙara shekara ashirin kafin kwamfuta ta isa ɗaukar ƙa'idodin Maxwell. Da ta isa kuwa, cikin shekara huɗu kacal, daga 1966 zuwa 1969, manyan hanyoyi uku suka bayyana.

IV. Hanyoyi Uku

Ta farko ana iya kiranta hanyar gaɓoɓi. Asalinta yana komawa ga H. C. Pocklington, wanda ya rubuta ƙa'idar lantarki mai gudana cikin siririyar waya tun 1897, da kuma Boris Galerkin na Rasha, wanda ya tsara dabarar ƙiyasi cikin 1915. A nan ba a yanka sarari, jikin ƙarfen a ke yankawa. A raba eriya gaɓa-gaɓa kamar rake, a ce lantarkin da ke cikin ko wace gaɓa shi ne abin nema. Ko wace gaɓa tana aika ƙarfinta ga dukan sauran, saboda haka sai a yi jadawali na tasirin kowa a kan kowa, a warware shi da aljabara. Roger Harrington na Jami'ar Syracuse a Amurka shi ya tattara wannan ya zama tsari ɗaya, cikin maƙalarsa ta 1967 da littafinsa na 1968. Amfanin hanyar shi ne ba ruwanta da sararin da ke kewaye da eriya, kome faɗinsa. Aibinta kuwa tsada. Gaɓa 100 na bukatar jadawali mai gida 10,000 da lissafi wajen miliyan ɗaya, in kuma aka ninka gaɓoɓi sau goma, aiki ya ninku sau dubu. Gerald Burke da Andrew Poggio, a ɗakin bincike na Livermore a Kalifoniya, sun gina manhajar NEC bisa wannan hanya. Fitowarta ta biyu, ta 1981, ta bazu cikin duniya, har masu sha'awar rediyo a gidajensu suka riƙa tsara eriya da ita.

Ta biyu ita ce hanyar gurabun dara ta Richardson, aka faɗaɗa ta ta ɗauki taguwa. Kane Yee, haifaffen ƙasar Sin, masanin lissafi a Livermore, ya buga maƙala mai shafi shida cikin Mayu 1966. Ya raba sarari ƙananan akwatuna, amma bai ajiye lantarki da maganaɗisu wuri ɗaya ba. Ya sa ƙarfin lantarki a gefunan akwati, na maganaɗisu a tsakiyar fuskokinsa, yadda ko wane ɗaya zai zama kewaye da huɗu na ɗaya ɓangaren, kamar saƙar tabarma inda ko wane sili ke riƙe da waɗanda suka gitta shi. Haka kuma ya yi wa lokaci. A lissafa lantarki, a matsa rabin taku a lissafa maganaɗisu daga gare shi, a ƙara rabin taku a komo kan lantarki, kamar lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi. Ba jadawali, ba warware aljabara, tarawa ce kawai da ɗebewa da ninkawa.

Kusan shekara goma wannan maƙala tana ajiye ba a kula da ita sosai ba. Dalili a fili ya ke. Ana bukatar aƙalla akwati goma cikin ko wane zango. Sarari mai akwati 100 a tsawo, 100 a faɗi, 100 a tsayi ya zama akwati miliyan ɗaya, ko wane ɗaya da lamba shida, watau lamba miliyan shida da za a riƙe lokaci ɗaya. In an raba girman akwati biyu don neman inganci, yawansu ya ninku sau takwas, takun lokaci ya ninku sau biyu saboda sharaɗin 1928, aiki duka ya ninku sau goma sha shida. Cikin 1975 Allen Taflove da Morris Brodwin na Jami'ar Northwestern suka farfaɗo da ita. Suka gyara iyakar takun lokaci, wadda Yee bai rubuta daidai ba, suka kuma lissafa zafin da gajeruwar taguwa ke haifarwa cikin idon mutum. Sojoji ma suna da tasu bukata. Ran 9 ga Yuli 1962 Amurka ta fasa bam na nukiliya kilomita 400 sama da tekun Pasifik, bugun lantarkin da ya fito ya kashe fitilun titi wajen 300 a Hawayi, mai nisan fiye da kilomita 1,400. Cikin shekarun 1970 aka ɗauki hanyar Yee don gano yadda irin wannan bugu ke shiga cikin jirgin sama.

Sauran matsala ɗaya ta rage wa wannan hanya. Sarari ba shi da iyaka, ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa tana da iyaka, saboda haka tilas gurabu su ƙare a wani wuri. Taguwa in ta kai bakin nan sai ta dawo kamar amsa-kuwwa, ta ɓata lissafi. Gerrit Mur na ƙasar Holan ya rage wannan cikin 1981. Jean-Pierre Bérenger na Faransa ya kusa kawar da ita cikin 1994, da ya ƙirƙiro wani bango wanda babu shi a duniya sai cikin lissafi, mai shanye taguwa ta ko wace kusurwa ta zo.

Ta uku ita ce hanyar alwatika, ta kuwa shigo ne daga wajen magina da maƙeran jirage. Gurabun dara ba su bin lanƙwasa, in an kwatanta da'ira da su sai bakinta ya fito kamar matakala. Alwatika kuwa, kamar yadda maɗinki ya sani, tana shiga ko wane lungu, ana kuma iya ƙanƙanta ta inda aiki ke da wuya, a faɗaɗa ta inda ba kome. Courant ɗin nan na Göttingen, bayan ya yi hijira zuwa Amurka, ya ba da shawarar haka cikin 1943, ba wanda ya bi shi. Injiniyoyin kamfanin Boeing tare da Ray Clough suka sake gano ta cikin 1956 wajen lissafin fiffiken jirgi, Clough ya raɗa mata suna cikin 1960. Peter Silvester na Jami'ar McGill a Kanada ya kawo ta cikin lissafin bututun taguwa cikin 1969, shekara ta biye kuma shi da M. V. K. Chari suka yi amfani da ita a kan ƙarfen injunan lantarki.

Nan ne aka gamu da abin tsoro. Kwamfuta ta riƙa ba da amsoshi na ƙarya gauraye da na gaskiya, watau taguwar da babu ita a duniya, ba kuwa alamar da ke rarrabe su a fuska. Ƙara yawan alwatika bai kore su ba. Aka daɗe ana neman magani kafin a gane cewa laifin yana wurin da aka ajiye lambobin. An sa su a kusurwoyin alwatika, yadda magina ke yi, alhali kuwa fagen lantarki yana da tasa ɗabi'a a inda abu biyu suka haɗu. Jean-Claude Nédélec na Faransa ya nuna cikin 1980 cewa a gefunan ya kamata a sa su. Alain Bossavit ya bayyana daga baya cewa Hassler Whitney ya riga ya rubuta irin wannan tsari tun 1957 cikin lissafi tsantsa. Abin lura shi ne, a gefuna ne Yee ma ya ajiye lantarkinsa cikin 1966.

V. Yadda Iyakar Lissafi ta Siffanta Ƙira

Babu misalin da ya nuna nauyin wannan al'amari kamar labarin jirgin yaƙin da rada ba ta gani sosai. Pyotr Ufimtsev ya buga littafi a Mosko cikin 1962, inda ya ɗora a kan aikin Sommerfeld ya nuna yadda za a ƙiyasta taguwar da ke warwatsuwa daga bakin faifan ƙarfe. Hukumomin Tarayyar Sobiyet ba su ga wani asiri cikinsa ba, suka bari aka buga. Sojojin saman Amurka suka juya shi zuwa Turanci cikin 1971. Denys Overholser na kamfanin Lockheed ya karanta, ya gina manhaja a kansa cikin 1975. Hanyar Ufimtsev gajeriyar hanya ce, ba ta warware ƙa'idodin Maxwell duka, kwamfutar lokacin kuwa ba ta iya lissafa jiki mai lanƙwasa, sai faifai miƙaƙƙu. Saboda haka aka ƙera jirgin da faifai miƙaƙƙu, fuska-fuska kamar yankakken lu'ulu'u. Na gwaji ya tashi cikin Disamba 1977, F-117 kuma cikin Yuni 1981. Siffar nan ba ta dace da tashi ba ko kaɗan, sai da taimakon kwamfuta matuƙi ke iya riƙe shi a sama. Da ƙarfin lissafi ya ƙaru, jirgin B-2 da ya tashi cikin 1989 ya fito da jiki mai santsi da lanƙwasa.

Kada kuma a ɗauka saurin na'ura ne kaɗai ya buɗe hanya. Leslie Greengard da Vladimir Rokhlin, a Jami'ar Yale, sun nuna cikin 1987 cewa ba lalle ne a lissafa tasirin ko wace gaɓa a kan ko wace ɗaya-ɗaya ba. Gaɓoɓin da ke nesa ana iya dunƙule su rukuni-rukuni, kamar yadda mai hangen gari daga nesa da dare ba ya ƙirga fitilu, haske ɗaya ya ke gani. Weng Cho Chew da abokan aikinsa a Jami'ar Illinois suka ɗora wannan a kan hanyar gaɓoɓi cikin shekarun 1990, matsalar da ta tsaya a gaɓa dubbai ta kai miliyoyi.

Daga nan aikin ya fita daga hannun soja ya shiga kasuwa da asibiti. Mai ƙera wayar hannu yana lissafa yawan ƙarfin da kan mutum ke sha daga eriya, gama doka ta sa iyaka, wat 1.6 ga ko wane kilo na tsoka a Amurka, wat 2 a Turai. Haka masu ƙera na'urar hoton cikin jiki ta maganaɗisu, da taransifoma, da ƙananan sassan kwamfuta ita kanta.

VI. Kammalawa

Abu biyu ke fitowa daga wannan tarihi. Na farko, tazarar da ke tsakanin dabara da amfaninta: Pocklington 1897 da Harrington 1968, Göttingen 1928 da Taflove 1975, Courant 1943 da Silvester 1969, Whitney 1957 da Nédélec 1980. Waɗanda suka aza harsashin ba su da na'ura, da yawansu ma ba injiniyoyi ba ne, kuma ba wanda zai iya faɗa a lokacin wace maƙala ce za ta yi amfani.

Na biyu, amsar kwamfuta ba ta zama hujja don kwamfuta ce ta faɗa. Amsoshin ƙarya na hanyar alwatika sun fito cikin tsabta da lambobi masu yawa, daidai da na gaskiya. Shi ya sa masu wannan sana'a suka riƙe al'adu uku: su sake lissafi da gurabu ƙanana su ga ko amsa ta tsaya, su gwada hanya ɗaya da wata, su kuma koma ɗakin gwaji su auna. Kafin a yarda da sabuwar manhaja, a kan ba ta ƙwallon Mie ta lissafa, a gwada abin da ta fitar da amsar da ya samu da alƙalami cikin 1908.

Ga malaman kwalejojin horon malamai akwai abin ɗauka a nan. Ɗalibin da ya iya tara lamba huɗu ya raba da huɗu ya isa ya yi murabba'in da aka nuna a sama, ya ga da idonsa yadda amsa ke matsowa, ya kuma gane bambancin kuskuren tsayawa da wuri da na ƙarancin gurabu. In aka ƙara gurabun suka zama tara, aka raba wa 'yan aji, ko wane ɗaya da gurbinsa yana karɓar lamba daga maƙwabtansa huɗu, to, an kafa ƙaramin ɗakin lissafin da Richardson ya kwatanta cikin 1922, ba a kuwa bukaci kome ba sai allo da alli.